Suwaita Mai Karkataccen Wuya

"Ke, tsaya nan."

Malama Rula ta gitta rularta a bakin ƙofa, layin yaran ya tsaya cak. Safiyar Laraba ce, ranar wasanni, kuma sanyin da gari ya waye da shi bai zo da wasa ba. Duk wanda ya buɗe baki sai tururi ya riga maganarsa fitowa. Yaran sun cusa hannuwa a hammata suna bubbuga ƙafa a ƙasa, kowa na jira a duba shi ya ruga ciki.

Shekara ashirin da shida ke nan tana tsayuwa a wannan ƙofa tana duba kayan makaranta. Sunanta na gaskiya yana nan rubuce a ƙyauren ofishinta, amma babu mai wahalar da bakinsa da shi. Tun ranar da ta fara auna tsawon safa da rula yara suka laƙaba mata wannan, malamai ma suka karɓe, sai dai su a bayan idonta suke faɗa. Ta sani sarai, ba ta dai taɓa nuna ta sani ba.

Yarinyar da ta tare 'yar shekara tara ce, siririya, mai dara-daran idanu. A kan rigar wasanninta ta ɗora wata suwaita saƙar hannu, koriya, amma ta fi koren makaranta haske kaɗan, ƙirjinta kuma babu tambari. Duk wanda ke wurin, daga 'yan aji ɗaya har maigadi, ya san yarinyar nan jikar Malama Rula ce, ɗiyar 'yarta tilo.

"Wannan fa?"

"Mamana ce ta saƙa min, Malama. Ni kuma na..."

"Ban tambaye ki wanda ya saƙa ba. Ina tambari?"

"Mun je shago, aka ce daidai ni ta ƙare, sai mako mai zuwa."

"Doka ta bakwai, me ta ce?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta karanto, kamar yadda kowane ɗalibi ya hardace. Ranar wasanni riga mai gajeren hannu ake sawa da wandon wasanni. Ba a ɗora komai a kai sai suwaitar makaranta mai tambari. Abin da aka karɓe kuwa, sai uwa ko uba ya zo da ƙafarsa ya sa hannu kafin a mayar.

"To, cire."

Maigadi ya leƙo daga ɗan ɗakinsa, ya naɗe kai da mayafi har ba a ganin komai sai hancinsa. Dattijo ne mai barkwanci, kuma shi kaɗai ne a duk makarantar bai jin tsoronta.

"Haba Malama, yau ko kyanwa ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin mota. A ɗaga wa yarinyar nan ƙafa mana."

"Ka kula da ƙofarka, Baba, ni in kula da tawa."

"Ai ƙofar ɗaya ce," ya ce, ya mai da hancinsa ciki.

Yarinyar ta ja suwaitar sama, kanta ya ɗan maƙale a wuyan kafin ya fita. Ba ta miƙa ta a dunƙule ba kamar yadda sauran yara ke yi. Sai da ta ninke ta biyu, ta shafa wuyan da tafin hannu, sannan ta ba da. Nan take tsigar damatsanta ta tashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli kakarta ba, ta wuce ciki da ɗan gudunta.

Malama Rula ta ce wa kanta abin da ya dace ta yi. Riguna uku ta riga ta karɓe a wannan safiya daga 'ya'yan mutane, ga idanu ɗari a kanta, da wane baki za ta ce wa jikarta wuce? Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinsa, wadda ko a zuci ba ta so ta haɗa ido da ita. Wutsiyar doka ta bakwai ce, inda aka ce sai uwa ta zo da ƙafarta. Rabon da ta zauna da 'yarta a ɗaki ɗaya shekara huɗu ke nan.

Ba wani babban faɗa aka yi ba, shi ya sa ma abin ya ƙi gyaruwa. Bayan rasuwar mijin Malama Rula 'yar ta zo ta kwana bakwai tana taya ta zama. A rana ta bakwai ta wanke kwanuka ta kife su, ta fita shanya, da ta dawo ta tarar da uwar a tsaye tana sake wanke su ɗaya bayan ɗaya. 'Yar ta daɗe a bakin ƙofa tana kallo, sannan ta ce, "Mama, tun da aka haife ni ban taɓa yin abu sau ɗaya a gidan nan ba." Ta ɗauki jakarta da 'yarta ta tafi. Tun daga nan sai gaisuwar waya idan shekara ta zagayo, gajeriya, kamar ta maƙwabta. Da yarinyar ta isa shiga aji, aka kawo ta nan saboda ita ce makarantar da ke kan hanyar kantin maganin da uwarta ke aiki, aka kuma koya mata ta riƙa cewa Malama kamar kowa.

Ofishin Malama Rula tsohon sito ne a ƙarshen baranda. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, butar shayi ta lantarki, kofi ɗaya mai tsagaggen baki. A jikin bango kwalaye ne jere cike da abin da ta karɓe: huluna, safa masu zane, ɗankunne, takalma masu fitila a dunduniya. Wasu sun shekara biyar babu wanda ya zo nema. Taga ɗaya ce, tana kallon filin wasa.

Ta rubuta riguna huɗun a littafi, ta zuba uku a kwali. Ta huɗun ta bar ta a kan tebur.

A fili, malamin wasanni na ta busa usur. Shi dai doka ta bakwai ba ta shafe shi ba, yana cikin wata ƙatuwar jaket har da hula, ya yi suntum kamar buhun auduga. Raɓa ba ta bushe a ciyawa ba, iska kuma na shigowa ta gefen da babu katanga tana kaɗa rigunan yaran. Masu suwaitar makaranta suna tsalle suna dariya. Marasa ita sun taru wuri guda kamar 'yan tsaki, suna goga kafaɗa da juna. Ta hango jikarta a ƙarshen layi, ta rungume kanta, gwiwoyinta na haɗuwa.

Ba a jima ba malamin ya bar su suna zagaye, ya zo ya tsaya ta waje a jikin tagarta yana hura hannu.

"Malama, ina kwana. Don Allah a ara musu rigunan nan na awa ɗaya, da mun tashi ni da kaina zan dawo da su. Haƙoran wasu har ƙara suke yi."

"In na ba huɗu, me zan ce wa sauran da suka bar nasu a gida don sun bi doka?"

"Ki ce musu ana sanyi."

"Kai ka ce wa shugaba a ɗage wasan."

"Na faɗa, ya ce jadawali ne." Ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin hula. "Har da jikarki fa a ciki."

"Musamman ita."

Ya dube ta kamar zai ƙara magana, sai ya fasa, ya mai da usur bakinsa ya tafi. Haka mutane ke yi da ita, su kawo magana har leɓe su haɗiye. Ta saba, amma sabo bai hana abin yi mata ciwo ba.

Aka jera 'yan mata don tsere. Malama Rula ta matso har numfashinta ya dusashe gilashin, ta goge da gefen mayafi. Usur ya yi ƙara. Yarinyar ta makara wajen tashi, ƙila ƙafafun sun sandare, amma kafin rabin fili ta wuce biyu, ta wuce uku, ta shiga ta uku. Malama Rula ta waiga don ta ce wa wani, kun ga jikata? Babu kowa a ɗakin sai kwalaye.

Ta zauna ta jawo suwaitar, ta warware ninkin.

Tun daga bakin hannun ta gane aikin. Wannan murɗin da ke sa bakin hannu ya kama tsintsiyar hannu ba tare da ya matse ba, ita ta koya wa 'yarta shi, a kan tabarma, lokacin 'yar ba ta wuce shekarun wannan yarinyar ba. Ashe ba ta manta ba. Ta bi layukan da yatsa, daga ƙugu har ƙirji, ta ɗaga rigar ga hasken taga tana neman kuskure, don idonta bai iya kallon abu wata hanya ba. Babu. Layi bisa layi, sumul. Da ta iya yabo, da ta ce aikin ya yi.

Sai ta iso wuyan.

Ai kuwa nan aka yi ɓarna. Gefen hagu ya matse har ya tattare, gefen dama ya saki ya buɗe baki. Madaukai biyu sun zame an wuce su, wani wurin kuma an ƙulla zaren da ƙulli irin na ɗaure buhu. Malama Rula ta ja tsaki ita kaɗai. Halin 'yarta ke nan tun tana ƙarama, ta fara abu da kyau, in ta hango ƙarshe sai gaggawa ta ci ta. Ta nan iska za ta riƙa shiga ƙirjin yarinya.

Ta ninke rigar ta sa a kwali, ta rufe. Ta rubuta takardun kiran iyaye guda huɗu. Ta fita zagayen baranda, ta kama wani yaro da rigarsa a waje, ta sa ya cusa. Ta dawo.

Da aka buga ƙararrawar hutu aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Yaran huɗu ne suka zo karɓar takardunsu. Ukun suka karɓa suka arce. Jikarta ce ta ƙarshe, leɓɓanta sun yi fari, hancinta na zuba tana ja. Butar shayi kuwa ta tafasa a daidai lokacin.

"Na ga kin zo ta uku," in ji Malama Rula. Ta so ta ce madalla, amma abin da ya fito shi ne, "Da kin tashi da wuri da kin zo ta biyu."

"To, Malama."

"Zo ki sha shayi, jikinki ya yi ɗumi."

Yarinyar ta dubi kofin, ta dubi takardar dokoki da ke manne a bango.

"Doka ta sha ɗaya ta hana ɗalibi ci ko sha a ofis, Malama."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Tsoro take kar jarrabawa ce ake yi mata. Malama Rula ta miƙa mata takardar kiran uwarta. A bakin ƙofa yarinyar ta juyo, idonta a kan kwalin.

"Malama, ba za a taɓa ta ba ko?"

"Wa zai taɓa ta? Tafi aji."

A ranta ɓarayi yarinyar ke nufi, ko ɓeraye.

Bayan hutu ta nufi ɗakin malamai. Tana tura ƙofa hirar da ake yi ta mutu, wata malama ta sauke ƙafarta daga kan kujera, wani ya gyara wuyan rigarsa.

"Zan ari kujera ɗaya da kofi."

"Ikon Allah, Malama za ta yi baƙo!" in ji wata matashiyar malama da ba ta daɗe da zuwa ba. Babu wanda ya taya ta dariya, ita ma ta shanye abarta.

Malama Rula ta ɗauko kujerar da kanta, ta ajiye ta a gaban tebur. Ta ga ta yi kama da wurin tuhuma, ta mai da ita gefe. Ta wanke kofin aron sau biyu. Ta duba agogo, saura awa uku a tashi. Ta zauna ta shirya abin da za ta ce. Za ta ce, zauna ki sha shayi, ana sanyi. Za ta ce, bakin hannun ya yi kyau. Wannan ta maimaita shi a ranta har sau uku, don kar ya maƙale.

Amma wuyan nan ya hana ta sakat. Tana zaune tana jin sa a cikin kwali kamar tsakuwa a takalmi. A aljihun teburinta akwai kibiyoyin saƙa, waɗanda take saƙa huluna da su a lokacin hutu, hulunan da ta tara a gida cikin jaka ba ta san wanda za ta ba ba. Ta ce wa kanta dubawa kawai za ta yi. Da ta duba, ta ce madaukai biyun nan kawai za ta ɗauko. Da ta ɗauko su sai matsewar hagun ta ƙara fitowa fili. Ta nemo bakin zaren, ta kwance ƙullin buhun nan da farce, ta ja.

Zaren ya biyo hannunta a nannaɗe, layi bayan layi, har wuyan ya ƙare.

Allah ya sani, da zuciya ɗaya ta yi. Tana saƙa tana hango 'yarta ta ɗaga rigar ta ga an rufe wa yarinya ƙirji, ta gane abin da bakin uwarta ya kasa faɗa shekara da shekaru. Ba ta da wata hanyar nuna ƙauna sai gyara, ita kaɗai aka koya mata, ita kaɗai ta iya. Yatsunta suka yi ta tafiya, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar kibiyoyi. Rabon da ta ji daɗin awa biyu irin waɗannan har ta manta. Da ta gama ta ɓoye bakin zaren ta ciki, ta shimfiɗa rigar a tebur, ta ɗora rula ta auna. Hagu da dama daidai, ko shago sai haka.

Aka tashi. Iyaye biyu suka zo, suka sa hannu da ɗaurarriyar fuska suka tafi. Na ukun bai zo ba. Baranda ta yi shiru. Ta sake kunna butar a karo na uku.

Sai ta ji takun. Ko cikin kasuwa za ta gane shi.

'Yarta ta tsaya a bakin ƙofa da farar rigar aikinta a ƙarƙashin wata tsohuwar jaket. Ta rame kaɗan, kuma akwai furfura ɗaya ko biyu a gaban goshinta, abin da babu wanda ya gaya wa uwar. Mayafinta babu, ta naɗe yarinyar da shi ta bar ta a ɗakin maigadi.

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. Shigo, ana sanyi."

"Sa hannu kawai na zo yi. Na bar kanti da mutum ɗaya."

"Doka ce, kin sani, ba don..."

"Na san doka, Mama. A cikinta na girma."

Amma idonta ya sauka a kan kujerar aron da kofi na biyu. Ta san ɗakin nan tun tana ɗaliba, ta san kujera ɗaya ce a cikinsa. Ta shigo ta zauna a bakin kujerar, jakarta a cinya. Malama Rula ta zuba shayin har ya ɗiga a tebur, ba ta ma goge ba.

"Ta zo ta uku a tsere," ta ce.

"Ta faɗa min. Ta ce kin gani ta taga."

"Tana da ƙafa. Irin ta babanki."

'Yar ta yi ɗan murmushi, ta tallabi kofin da hannu biyu tana ɗumama yatsu. "Shi ma kullum a makare yake tashi."

Malama Rula ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta jawo rigar ta tura gabanta.

"Bakin hannun ya yi kyau," ta ce. Ya fita, bai maƙale ba.

'Yar ta ɗago da mamaki, har idonta ya yi ƙyalli. Ta ajiye kofin ta ɗauki rigar, ta warware. Sai murmushin ya tsaya. Ta juya wuyan, ta leƙa cikinsa, ta bi shi da babban yatsa tun daga hagu har dama.

"Kin warware."

"Ya karkace ne. Iska za ta riƙa shiga. Na ce kafin ki zo in..."

"Mama." Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma ta yi. "Ba ni na saƙa wuyan ba. Ita ta saƙa."

Malama Rula ta dubi wuyan da ke hannun 'yarta.

"Saƙarta ta farko ke nan. Kwana tara ta yi a kai, kullum in ta dawo makaranta, harshe a waje. Na ga ya karkace, ina da ido, ke kika ba ni shi. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Na danne shi na bari." Ta shafa wuyan. "Yau da safe na ce kar ta sa, za a karɓe. Ta ce ko an karɓe ai Malama za ta gani. So take ki gani."

Ni kuma na, haka yarinyar ta fara cewa a ƙofa da safe. Ba za a taɓa ta ba ko? Malama Rula ta ji maganganun biyu sun dawo mata a tare, sanyin da bai kama ta ba tun safe ya shige ta har ƙashi.

"Ban sani ba," ta ce.

"Ba ki tambaya ba."

'Yar ta ninke rigar a hankali, ta ajiye a tebur, ta ture littafin sa hannu gefe. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ba zan kai mata wannan ba. Zan ce mata ba a bayarwa sai Juma'a. Kafin nan na samo abin da zan gaya mata." Ta miƙe ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ya yi kyau, Mama. Kullum naki yana yin kyau."

Takun ya yi nisa a baranda. Ta taga Malama Rula ta hango su suna tsallaka gefen fili, yarinyar cikin mayafin uwarta har ƙasa, tana magana tana nuna inda aka yi tseren. Shayin da ke kofin aro ko kurɓa ɗaya ba a yi ba.

Ta daɗe a zaune. Mai shara ta zo ta wuce da bokitinta, ta leƙo, ta ga fuskar, ta ja ƙofar a hankali. Hasken tagar ya fara yin ja.

Yau Laraba. Akwai Alhamis a tsakani.

Ta jawo rigar, ta nemo bakin zaren da ta ɓoye da gwaninta, da ƙyar ta same shi. Ta ja, kyakkyawan wuyan ya warware ya taru a cinyarta. Ta rufe ido ta tuno yadda yake da safe: matsi a hagu, saki a dama, madaukai biyu a zame, ƙullin buhu kusa da kafaɗa. Idon da bai taɓa mantawa da kuskuren kowa ba ya riƙe shi tsaf. Ta fara saƙa.

Layi huɗu ta yi ta ɗaga ta duba. Sumul. Ta ce wa hannunta ya matse, ya matse daidai wa daida ko'ina. Ta warware ta sake. Wannan karon ta saki zaren da gangan a dama, amma kafin ta kai ƙarshen layi yatsun sun janye shi sun daidaita ba da saninta ba. Shekara hamsin suna aiki ɗaya, ba yau za ta canza musu hali ba. Ta warware, ta kifa goshi a kan rigar. Ƙamshin sabulun gidan da ba ta taɓa shiga ba ne a jiki, da ɗan warin man gashin yarinya. Nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar kwanuka.

Maigadi ya ƙwanƙwasa da makullansa.

"Malama, zan rufe. Ko yau a nan za a kwana?"

Ta goge fuska da gefen mayafi kafin ta amsa. "Ba ni rabin awa, Baba."

"Doka ta ce ƙarfe biyar."

"Na sani."

"To, ni agogona ya tsaya," ya ce, takunsa ya koma.

Ta dubi hannuwanta. Sannan ta yi musayar kibiyoyin, ta dama ta koma hagu, ta naɗa zaren a yatsan da bai taɓa riƙe shi ba. Kibiyar ta ƙi shiga, ta soki ɗan yatsanta, zaren ya kuɓuce. Ta sake kamawa. Madauki na farko ya fito a matse, na biyu ya yi sako-sako, ta ga harshenta ma ya leƙo waje. A tsakiyar layi ɗaya ya zame daga kan kibiya ya faɗa ƙasa, ya bar ɗan rami.

Ta gan shi sarai. Hannun damanta ya ɗaga da kansa zai ɗauko shi. Ta tsaya har hannun ya koma, sannan ta wuce ramin ta kama na gaba.